Sunana a Bakin Inna

Litinin, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau ban ɗinka ko aljihu ba. Na zauna a kan keken ɗinki, ƙafata ta ƙi takawa saboda baƙin ciki. Mutari yana hanyar Kwatano da kamiyo, babbar motar kayan da yake tuƙawa, kuma ko yana nan na san abin da zai ce: yi haƙuri. Mijina maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta.

Tun da damina ta ci amanar mutane, Inna ta baro ƙauyenmu na bayan Dutsi da ƙullin kayanta a ka, ta sauka ɗakina a nan unguwar Lazare ta Yamai. Ni ke ciyar da ita, ni ke ɗebo mata ruwa, ni na bar mata katifa na koma tabarma. Da sojoji suka ce a rediyo duk tsohon da fari ya koro a rubuta shi a intanet, za a riƙa ba shi buhun hatsi duk wata, har hamdala na yi. Suka ce an daina bin layin mai unguwa, an daina "wa ka sani". Na'ura ba ta da ɗan'uwa, haka mai rediyon ya yi ta nanatawa. Ana rubuta tsoho da 'ya'yansa, babban cikinsu ne saƙo zai shiga wayarsa, ya je magaza, ɗakin ajiyar hatsin, ya nuna lamba ya ɗauko buhu.

Ƙanena Bala ya ce ya kai ta an rubuta, na ce madalla, na shiga jiran saƙo. Wayar nan har makewayi nake shiga da ita. Kadi maƙwabciyata mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, ta karɓo na surukinta tuni, ni shiru. Sai yau na je siber ɗin Isaka, shagon intanet da ke bakin kasuwa, in ji ko rezo ne, wato layin sadarwa, ya hana. Ya danna odinater, wato kwamfuta, ya danna, ya juyo da gilashin wajena. Ga hoton Inna, ta yi zuru-zuru kamar an kama ta da laifi. Ga 'ya'yanta a ƙasa: Bala, Sa'adatu, Haruna, Raliya. Babu ni.

Na ce, "Isaka, ina nawa sunan?"

Ya ce, "Madam, walahi ba laifina. Ƙanenki ya kawo tsohuwa, na ce yara nawa, ta ce huɗu. Odinater abin da ka ba shi, shi yake ci."

"Shi Balan yana tsaye?"

"Yana tsaye nan inda kike."

Yana tsaye. Ya san ni ce 'yar fari. Ya san Inna ba ta ƙirga ni, ba ta kiran sunana, tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo a nan Yamai. Ga kunyar 'yar fari, ga sunan uwar mijinta da aka liƙa mini. Kowa a danginmu ya san in aka tambayi Inna 'ya'yanta, sai a ƙara ɗaya a kan abin da ta faɗa. Na'ura ce kaɗai ba ta sani ba, shi kuma ya ja bakinsa ya tsuke. Saƙon buhu ya shiga wayarsa tun farkon wata.

Allah ya isa tsakanina da Bala.

Talata, 13 ga Afrilu, da hantsi

Inna ta kalli bango ta ce, "Ko mutanen gidanga na da sauran ruwa?" Mutanen gidanga ni ce. Na kawo mata.

Alhamis, 15 ga Afrilu, da yamma

Na je ofishin agajin. Soja a bakin ƙofa da bindiga a cinya, yana korar ƙuda da hula. A ciki kowa ya zuba wa gilashi ido kamar daga ciki hatsin zai zubo. Na sha zama kafin a kai kaina. Matar da ke teburin, Madam Balkisa aka ce da ita, ba ta da laifi, ta ba ni kujera ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce in kawo takardar haihuwa. Na miƙa da ƙarfina, ashe ita ma za ta ba ni kunya.

Ta ce, "Madam, ai a nan an ce uwarki Hajjo ce."

Na ce, "Goggona ce, Allah ya ji ƙanta. Ita ta riƙe ni. Da za ta sa ni lakkol, makarantar boko, sai ta ce ita ta haife ni."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Na gane. Ni ma ta fari ce a gidanmu, wallahi na gane. Amma shi bai gane ba." Ta nuna odinater da haɓa.

Hanya ɗaya ce, in ji ta. Tsohuwa ta zo da ƙafarta, ta zauna gaban kamara, ta faɗa da bakinta cewa wance 'yata ce, ita ce babba. Tunda ba ta iya sa hannu ba, muryarta ce sa hannunta, ita ake aikawa can sama su amince.

Na ce, "Sai ta faɗi sunan?"

Ta ce, "Cikakke. Kuma da ƙarfi, don makirfon ɗinmu kurma ne."

Dariya ta kubce mini har sojan ya leƙo. Matar da ko a gaban Baba ba ta taɓa furta sunana ba, ita za ta ɗaga murya ta faɗa wa akwati. Na taho a ƙasa tun daga can saboda haushi, ban ma tsai da taksi ba.

Juma'a, 16 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Ya zo. Da sabon takalmi Bala ya zo, da wata waya mai waƙa, da goro da ɗan sukari a leda. Inna ta miƙe zaune kamar an ce mata an yi ruwa a ƙauye. "Balana! Bala ɗan albarka! Bala, ka rame." Sunan nan ta yi ta juya shi a baki kamar alewa. Ina gindin murhu ina kankare tukunya, na kankare ta har na ji tausayinta.

Na ce, "Bala, ina buhun Inna?"

Ya ce, "Yaya, ana ta sha'ani. Bari mu yi zancen daga baya."

Inna ta juya wa bango fuska ta ce, "A bar yaro shi sha ruwa."

Yaro mai gemu. Ya sha ruwan da na saya, ya ci tuwon da na tuƙa da ragowar garina, ya suɗe hannu, ya yi hamdala da ƙarfi ya tafi. Inna ta ɓoye goron a ƙarƙashin matashi, tana fito da shi tana dubawa. Da hatsinta aka sayo mata shi, ita kuma sai sa albarka take yi.

Ni ban taɓa neman albarkar ba. Ban ma san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Lahadi, 18 ga Afrilu, da azahar

Tunda ba ma magana ido da ido, na roƙi Kadi ta shiga tsakani. Ta bar tasar kopto a hannun 'yar'uwarta ta zo ta zauna a bakin katifa, ni ina daga ƙofa ina jin komai.

"Inna, fofo, sannu da gida. Mai ɗaki ta ce in roƙe ki. Magana ɗaya ce za ki faɗi a biro, can ofishin agaji, hatsinki ya dawo gidan da kike kwana."

Inna ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta ce, "Ce ma mai ɗaki, abin da ban yi ba gaban ubanta, ban yin shi gaban akwatin nasara."

Kadi ta ce, "Inna, mu ma Zabarmawa muna wannan kunya. Amma bana yunwa ta fi kunya ƙarfi."

"A wajenku," in ji Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kadi ta fito tana tafa hannu a hankali, ta ce mini, "Kala suuru, sai haƙuri, 'yar'uwa. Tsohuwarki dutse ce." Na ce ai daga can ta fito. Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Laraba, 21 ga Afrilu, bayan magariba

An kawo wuta, muka taru a ɗakin Kadi kallon tele. Aka nuno wasu mutane a zaune a ƙasa, an aske musu kai ƙwal, ga buhunan agaji a jere a gabansu, ga takalman sojoji a bayansu. Ba wanda ya ɗaga ido a cikinsu. Mai labarai ya ce a shafin nan da ake rubuta tsofaffi akwai wurin kai ƙara. Duk wanda ya san mai sayar da hatsin agaji ya rubuta sunansa da inda yake, ba za a tambayi wanda ya rubuta ba.

Matan ɗakin suka yi ta salati. Ni kuwa na zaɓi na tsakiya, mai dogon wuya, na ɗora masa fuskar Bala. Ta zauna daram. Na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis, 22 ga Afrilu, da safe

Na'ura ba ta da ɗan'uwa. To, ni ma.

Asabar, 24 ga Afrilu, da la'asar

Na bi Bala har kasuwar Wadata. Sai da na ratsa layin teloli da masu gwanjo, rana tana dukan tsakar kaina, kafin in same shi a bayan rumfunan hatsi, zaune a kan amalankensa yana danna wayar nan mai waƙa. A rumfar da ke kusa na ga buhu an juya cikinsa waje don kada a ga tambarin gwamnati. Ban ce nasa ba ne. Ban ce ba nasa ba ne.

Na ce, "Tashi mu je biro ka ce musu ni ce babba."

Ya ce, "Ai ba a jin tawa, sai ta Inna."

"To kawo hatsin gida."

Ya sa wayar a aljihu, ya dube ni sama da ƙasa. Ban taɓa ganin wannan idon a fuskarsa ba.

"Yaya, ke aka kai birni. Ke kika yi lakkol, kina cin shinkafa da cokali. Ni na zauna da ita. Ni na yi noma har ƙasa ta ƙone, ni na gina kabarin Baba da hannuna, ke sai bayan an share makoki kika zo a mota. Yanzu don ta kwana ɗakinki kwana kaɗan kin zama ɗiya?"

Na ce, "Ɓarawo."

Ya ce, "Ai ba ni na cire ki ba. Ita ta ƙirga."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. 'Yan dako sun fara taruwa, wani yana cewa a yi haƙuri, gida ɗaya ne. Na matso kusa da kunnensa na ce, "Sai na sa an aske maka kai a tele." Nan na ga ido ya raina fata. Na juya na bar shi da amalankensa.

A taksi na yi ta maimaita maganarsa. Ita ta ƙirga. Ita ta ƙirga.

Talata, 27 ga Afrilu, da hantsi

Tiyar hatsi kullum sai ta tashi, ɗinki kuma ya tsaya. Mai jin yunwa ba ya kawo atamfa. Abin da ke shigowa sai ƙananan faci.

Inna ta ce tana azumin Litinin da Alhamis. Yau Talata, ta ce tana ramuwa. Jiya na ga zanenta ya zagaye ta ya yi saura. Ta gwammace ta bushe a kan katifata da ta buɗe baki sau ɗaya. In ta mutu a ɗakina, dangi za su ce 'yar birni ta bar uwarta da yunwa, Bala kuma zai zo ya fi kowa kuka.

Alhamis, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Na koma siber. Na ce wa Isaka ya buɗe mini wurin kai ƙara ya ja gefe. Faransancin da na yi zaton ya gudu tun barin lakkol ya dawo mini tsaf, ashe haushi yake jira. Da yatsa ɗaya na rubuta: sunansa, sunan Baba, lambar wayarsa, layin da yake ajiye amalanke, har launin takalmin. Ban taɓa yin ɗinkin da ya fito da kyau kamar rubutun nan ba.

Isaka ya leƙo ta kafaɗata, ya karanta, ya ja da baya.

"Madam, wannan in ya tafi ba ya komowa fa. Ba kamar mai unguwa ba, da za ki je da goro ki ce a bar magana."

Na ce na sani.

"Ƙanenki ne fa."

Na ce, "Odinater ɗinka ya ce ba ni da ƙane."

Ya koma kujerarsa. Na ɗora yatsa a kan madannin aikawa, na bar shi a nan ina jin ɗumin abin. Ban danna ba. Kada wani ya ce tausayi ne, ba tausayi ba ne. Wata dabara ce ta faɗo mini wadda ta fi aikawa daɗi. Na ce wa Isaka ya ajiye mini shi yadda yake, zan dawo. Ya ce to, amma bai amsa sallamata ba.

Lahadi, 2 ga Mayu, da safe

Sojoji sun zo da mota sun tafi da mai shagon bakin famfo, an ce yana sayar da hatsin agaji. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Inna ma ta gani, tana tsaye a ƙofar gida da buta a hannu.

Litinin, 3 ga Mayu, da la'asar

Na yi.

Ban kira Kadi ba. Na shiga ɗaki na zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ta yi sauri za ta juya wa bango, na ce, "Inna, ni za ki kalla." Na ce ta ga abin da aka yi wa mai shago jiya. Na ce sunan Bala yana rubuce a siber, danna ɗaya ya rage. Na ce jibi Laraba, ko ta bi ni biro ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, ko in wuce wajen Isaka in danna.

Ta dube ni. Ashe idanun Inna irin nawa ne, ban taɓa samun damar gani ba.

Ta ce, "Ɗan'uwanki?"

Na ce, "Ke kika ƙirga."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni. Ta ɗauki carbinta, ta juya, ta ce wa bango, "Allah shi kai mu Larabar."

Na fito tsakar gida ina jin kaina kamar wadda ta ci kokawa. Na hau keke na gama facin da ke gabana duka, har ina 'yar waƙa.

Laraba, 5 ga Mayu, da yamma

Ta riga ni shiryawa. Ta sa zanenta na saƙi, wanda take ajiyewa don salla, ta zauna a bakin ƙofa tana jirana. Muka shiga taksi. Direba ya yi ta zancen zafi da tsadar mai shi kaɗai.

Madam Balkisa ta gane mu. Ta taso da kanta ta kama hannun Inna ta zaunar da ita gaban kamara, ta gyara mata mayafi. Ta ce, "Mama, ba wuya. Ki kalli wannan ɗan idon, ki faɗi sunan ɗiyarki babba." Sannan ta raɗa mini ko zan fita waje in ba ta wuri. Na ce ba inda za ni. A nan na tsaya, daidai inda za ta gan ni.

Rezo ya tsaya. Muka zauna muna kallon wani ɗan zobe yana juyawa a gilashi, Inna kuma ba ta motsa ba, hannuwanta a kan cinya kamar mai jiran allura. Da ya dawo Madam ta ɗaga mata hannu.

Leɓen Inna ya motsa, ba a ji komai ba.

"Da ƙarfi, Mama."

Ta ce, "Hadizatu." Ta tsaya. "Hadizatu ɗiyata ce. Ita ce ta fari."

Na yi zaton in na ji zan faɗi, ko in yi kuka, ko wani abu ya warware a ƙirjina. Abin da na ji shi ne muryar tsohuwa mai yunwa a ɗaki mai fanka. Madam ta danna, wani koren abu ya fito, ta ce an karɓa, wata mai zuwa ma ba sai an jira ba. Ta ƙi haɗa ido da ni.

Muna fita, a gaban sojan nan, Inna ta kama gefen mayafina ta ce, "To, a goge na yaron."

Shi ne farkon abin da ta ce. Na kai ta gida na wuce siber, Isaka ya goge ƙarar a gabana. Ya ce alhamdulillahi har sau ba adadi.

Don Bala ta faɗa. Na san haka tun kafin mu je, ai ni na shirya abin. Ban san me ya sa yake ci na ba.

Asabar, 8 ga Mayu, da hantsi

Saƙo ya shigo wayata. Na je magaza na nuna lamba, aka ɗora mini buhu. Hatsi ne mai kyau, ba tsakuwa. Bala bai zo ba, bai kira ba, Kadi ta ce an gan shi ya saka tsohon takalminsa. Ya yi kyau.

Talata, 11 ga Mayu, bayan azahar

"Hadizatu, kawo ruwa."

"Hadizatu, ana sallama."

"Hadizatu, kaji sun shiga ɗaki."

Tun ranar Laraba haka take yi. Ta daina magana da bango. Tana kallona cikin ido, tana kiran sunana tun daga tsakar gida har maƙwabta na ji. Da farko na ce to, ga shi nan, abin ya zo. Sai jiya mai gawayi ya wuce ta kira shi, na ji muryar. Ita ce dai. Da muryar da take kiran mai gawayi take kirana.

Ta daina azumi. Da, in za ta ci abinci sai na fita, ko ta juya mini baya ta rufe kwano da gefen zane. Yanzu a gabana take ci, hankalinta kwance, kamar yadda ake ci a tasha gaban wanda ba a sani ba.

Kadi ta ji ta yau, ta ajiye tasa ta riƙe baki. Ta sake ɗaukar tasar ta wuce.

Alhamis, 13 ga Mayu, da safe

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Na ci nasara, kowa ya sani. Hatsi yana ɗakina.

Juma'a, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Na tuƙa tuwo da miyar kuka, na zuba mata. Tana ci tana cewa, "Hadizatu, gishiri ya yi kaɗan." Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba, da ludayi a hannuna.

Na ce, "Inna, ki bari."

Ta ce, "Mi zan bari?"

"Sunan. Ki daina. Ki koma yadda kike."

Ta gama tauna lomar da ke bakinta, ba gaggawa. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma akwai da na samu abin riƙewa.

Ta ce, "Da ina da ɗiya wadda nike jin kunya. Tun tana cikin zane ban iya ɗaga ido in dube ta, don girman da Allah ya ba ta a wajena. Can na baro ta gaban akwati."

Na ce, "Inna, ni ce."

Ta miƙo mini kwanon ta ce, "Hadizatu, ƙaro tuwo."

Na tashi na ƙaro.